Na je na ga jiragen da suka ƙone Hiroshima da Nagasaki

Tafiyar nan asalinta biki ne ya tashe mu. Kawuna da ke zaune a Columbus ta jihar Ohio ne zai aurar da 'yarsa ranar Asabar, ni kuma ina Maryland, to sai aka bar min aikin ɗauko wani abokina ɗan Damagaram da zai sauka a filin jirgin Dulles ranar Alhamis da hantsi, ya kwana gidana, washegari da asuba mu kama hanya a mota. Da na ɗauko shi muka zuba kaya a but, sai na ce masa Malam, in ba ka gaji sosai ba akwai gidan tarihin jirage nan kusa, ko minti goma ba za mu yi ba, shiga kyauta ne kuɗin fakin kawai za mu biya, kuma akwai wani jirgi a ciki da na daɗe ina so in gani da idona. Ya ce mu je.

Bari in faɗi dalilin da ya sa jirgin nan ya tsaya min a rai. Kakana na wajen uwa, wanda duk unguwarmu a Zariya ake ce wa Baba Soja, yana cikin waɗanda Turawan Ingila suka kwasa suka kai yaƙin Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Runduna biyu aka haɗa daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, Hausawa ne fal a ciki, shi ya sa ma har yau akwai barikin Chindit a Zariya, sunan wata rundunar da ta yi yaƙin Bama, a Accra kuma akwai Burma Camp. Muna yara yakan zauna kan buzunsa bayan isha'i ya ba mu labarin kurmin da rana ba ta ratsawa, da ruwan saman da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku, da yadda jirgi ke jefo musu abinci daga sama su kuma su ɗauki kaya a ka su yi ta hawa tsauni. Kullum ƙarshen labarin ɗaya ne, wai wata rana Bature ya tara su ya ce yaƙi ya ƙare, Amurka ta jefa wa Jafan bam ɗaya tak ya cinye gari guda. Sai ya ce, bam ɗin nan ne ya dawo da mu gida. Da wannan maganar na tashi, kuma sai da na girma na fara karance-karance sannan ta fara yi min nauyi.

Gidan tarihin sunansa Udvar-Hazy, a Chantilly yake ta jihar Virginia, wata irin makekiyar rumfa ce ta ƙarfe da in ka shiga sai ka ɗaga kai har hularka ta nemi faɗuwa, jirage a ƙasa jirage a rataye, ga Concorde can mai dogon hanci. Abokina ya tsaya ɗaukar hoto ni kuwa na wuce kai tsaye. Ba ka ma buƙatar tambaya, daga nesa za ka hango shi yana ƙyalli kamar sabon kwanon silba, an ɗaga shi kan wasu ƙafafun ƙarfe, ƙananan jirage suna ƙarƙashin fukafukansa kamar 'yan tsaki. B-29 ne mai inji huɗu, faɗin fukafukan mita 43, a gefen hancinsa an rubuta ENOLA GAY da baƙin fenti, ga lamba 82. Akwai wata 'yar gada da ake hawa ta kai ka daidai gilashin gaba, kana iya leƙa kujerun matuƙa da ɗan wurin da mai sakin bam yake zama. Na daɗe a nan wallahi, har mutane suka yi ta raɓa ni suna wucewa.

Enola Gay sunan mahaifiyar matuƙin ne, Kanar Paul Tibbets. Wannan abin kaɗai ya isa ya sa Bahaushe ya yi shiru, mu da ko sunan uwa ba ma iya kamawa da baki, shi kuwa ana gobe za a tashi ya sa aka rubuta sunanta a jikin jirgin da zai yi wannan aikin. Shekararsa 30 lokacin. Tun yana 29 aka ba shi ragamar wata runduna ta musamman mai lamba 509, aka kai su Wendover, wani fako ne na gishiri a bakin iyakar Utah da Nevada inda babu kowa babu komai, suka yi watanni suna koyon abu biyu, yadda za su saki bam ɗaya mai nauyin tsiya daga can ƙololuwar sama ya faɗa daidai, da kuma yadda za su karya kwana nan take su gudu. Bama-baman gwajin ma kabewa suke ce musu saboda siffarsu. Yawancinsu ba a gaya musu mene ne ainihin makamin ba, an dai ce su kama bakinsu, an baza 'yan leƙen asiri a cikinsu, wanda aka kama da surutu sai a tura shi can yankin Alaska cikin ƙanƙara. Daga nan aka kwashe su zuwa Tinian, wani ɗan tsibiri a tekun Fasifik.

Su 12 ne a cikin jirgin ranar Litinin 6 ga Agusta 1945. Abin da ya fi taɓa ni shi ne shekarunsu. Mai duba taswira, Theodore Van Kirk, 24. Mai sakin bam, Thomas Ferebee, 26. Mai kula da rediyo, Richard Nelson, 20 kacal, sa'an ƙanina da ke jami'a yanzu wanda har yau Inna ke tambaya ko ya ci abinci. Babba a cikinsu shi ne William Parsons, kyaftin ɗin sojan ruwa mai shekara 43, shi ne masanin makamin. Saboda an sha ganin irin waɗannan jirage suna faɗuwa su kama da wuta wajen tashi daga Tinian, sai ya ce ba zai ƙarasa haɗa bam ɗin a ƙasa ba kar a yi hatsari tsibirin gaba ɗaya ya tashi, sai da suka hau sama sannan ya rarrafa cikin rumbun bam ɗin, mataimakinsa Morris Jeppson ɗan shekara 23 yana haska masa tocila, ya cusa albarushin da hannunsa. Kafin su tashi ma an kunna musu manyan fitilu ana ta ɗaukarsu hoto da bidiyo suna murmushi. Ƙarfe 2:45 na dare suka tashi, tafiyar awa shida da rabi, sun sha kofi sun ci burodi a hanya.

Akwai wani jirgi da aka tura gaba ya dubo yanayin sama, matuƙinsa Claude Eatherly. Da ya iso kan Hiroshima wajen bakwai na safe aka busa jiniya mutane suka ɓuya, da ya wuce bai jefa komai ba aka ce lafiya lau a fito. Shi kuma ya aika saƙo baya cewa gari garau yake. To mutane sun fito, ma'aikata suna hanyar aiki, dubban yara 'yan makaranta suna waje an sa su aikin rushe gidaje don a buɗe hanyar tare gobara, sai ga waɗannan. Ferebee ya auna wata gada mai siffar harafin T da ake kira Aioi, ƙarfe 8:15 ya saki. Bam ɗin ya yi daƙiƙa 43 yana faɗowa, ya fashe kamar mita 600 sama da wani asibiti. Su kuwa tuni Tibbets ya karya kwanar da suka daɗe suna koya, sun sa baƙin tabarau irin na masu walda, duk da haka sai da iskar fashewar ta cim musu ta daki jirgin. Mai bindigar wutsiya, George Caron, shi ne ya ɗauki hoton hayaƙin nan mai kama da lema da kowa ya sani. Zuwa ƙarshen shekarar an ƙiyasta mutum 140,000 sun mutu a garin. Da jirgin ya sauka Tinian, tun Tibbets bai gama miƙe ƙafa ba wani janar ya maƙala masa lambar yabo a ƙirji.

Na sauko daga gadar na je na karanta allon bayanin da ke gaban jirgin. Ya yi maganar ingancin jirgin da irin fasaharsa, ya ce shi ne ya jefa makamin atom na farko a yaƙi kan Hiroshima, amma adadin matattu ba ya ciki. Wannan tsohuwar rigima ce. Wajen 1995, lokacin cikar shekara 50, masu kula da gidajen tarihin sun shirya baje koli da zai haɗa da hotunan waɗanda suka ƙone da kayan da aka tsinto a toka, ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da 'yan majalisa suka tayar da jijiyar wuya suka ce cin mutunci ne, aka soke shirin, daraktan babban gidan tarihin jiragen da ke Washington, Martin Harwit, ya ajiye aiki. Ni dai a tsaye a wurin abin da na ji shi ne an wanke jirgin nan an goge shi tas, ga iyaye suna tsayar da 'ya'yansu a gabansa ana ɗaukar hoto, babu ko takalmin yaro ɗaya daga Hiroshima a kusa. Abokina ya ce in tsaya ya ɗauke ni, na ce masa a'a Malam, ɗauki jirgin kawai.

Washegari bayan sallar asuba muka kama hanya. Tafiya ce ta kusan awa bakwai, ka hau tsaunukan yammacin Maryland, ka ɗan taɓa Pennsylvania da West Virginia, ka ƙetare kogin Ohio a Wheeling sannan ƙasa ta baje sai gonakin masara iya ganinka. Mun tsaya a wani gidan mai muka yi ƙasaru a gefen ciyawa, wasu masu manyan motoci suna kallonmu amma ba wanda ya ce mana uffan. Hirar jirgin ce ta cinye rabin hanyar. Shi abokina abin da ke ransa yuraniyom ne, ma'adinin da aka haɗa bam ɗin da shi, don yayansa ya yi shekaru yana aiki a Arlit inda ake haƙarsa a Nijar, ya tambaye ni ko da na ƙasarsu aka yi bam ɗin. Na ce a'a, na Arlit sai wajen 1971 aka fara haƙa, amma dai daga Afirka mafi yawansa ya fito, daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango lokacin tana hannun Beljiyam, baƙaƙen fata ne suka tono shi ba tare da sun san abin da za a yi da shi ba. Ya yi shiru can ya ce, kai, mu dai ko'ina akwai guminmu.

Sai ya kawo maganar da ni ma ita ke cina, ya ce to su waɗannan yaran laifinsu ne ko na waɗanda suka aike su, ai ɗan aike ba ya da laifi. Na ce masa ni ma da haka nake gani, amma ka dubi yadda kowannensu ya ƙare rayuwarsa. Tibbets har ya mutu yana cewa bai taɓa rasa barcin dare ɗaya ba saboda abin, a ganinsa ya ceci rayukan da za su salwanta da an shiga Japan ta ƙasa. Har a 1976 ya tuƙa wani B-29 a wasan jirage a Texas aka kwaikwayi jefa bam ɗin da hayaƙi da komai mutane suna kallo, sai da gwamnatin Amurka ta ba Japan haƙuri. Wannan kam ban iya samo masa uzuri ba, ko ka yarda dole ce ta sa ka kashe mutane ai ba ka mayar da mutuwarsu wasan kallo ba. Eatherly kuwa, wanda bai ma ga fashewar ba, yanayin sama kawai ya dubo, rayuwarsa ta dagule bayan yaƙi, ya yi ta shiga hannun 'yan sanda kan ƙananan laifuka yana shiga asibitin ƙwaƙwalwa yana fita, ya riƙa rubuta wa mutanen Hiroshima wasiƙa. Robert Lewis, mataimakin matuƙi, shi ne aka samu a littafin da yake rubuce-rubuce cikin jirgin yana cewa ya Ubangiji, me muka aikata. A 1955 an haɗa shi a wani shirin talabijin da wani fasto ɗan Hiroshima, Kiyoshi Tanimoto, da iyalinsa, 'yar faston Koko tana jaririya lokacin bam ɗin, ta taso da ƙudurin ramuwa kan mutanen jirgin, amma ta sha ba da labarin cewa da ta ga hawaye a idon mutumin sai ta matsa ta riƙe hannunsa. Aiki ɗaya suka yi rana ɗaya, amma kowa da yadda ya kwana da shi, to ka ga ashe ɗan aiken ma yana da zuciyar da za ta tambaye shi.

Mun isa Columbus bayan la'asar, gidan Kawu ya cika maƙil, ga 'yan Kumasi ga 'yan Agadas ga namu na Kano da Zariya, tuwo da miyar kuka kamar kana gida. Biki ya yi kyau, Allah ya ba su zaman lafiya. Da daddare nake ce wa Kawu, ranka ya daɗe ka san a garin nan mutumin da ya jefa bam a Hiroshima ya zauna har ya mutu? Ya ce haba, shekararsa nawa a nan bai taɓa ji ba. A nan ɗin ne kuwa, ya daɗe yana shugabantar wani kamfanin hayar ƙananan jirage, ya rasu ranar 1 ga Nuwamba 2007 yana da shekara 92. Kuma babu kabarinsa da za ka je ka gani, shi da kansa ya bar wasiyya kar a yi masa taron jana'iza kar a kafa masa dutse don kada masu zanga-zanga su mayar da wurin dandali, aka ƙone gawar aka watsa tokar a tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa. Kawu ya ce Allah ya sa mu cika da imani, muka ce amin.

Ranar Lahadi na lallaɓi abokina muka ƙara gaba zuwa Dayton, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna, garin su Wright ɗin nan da suka fara ƙera jirgin sama, a nan gidan tarihin sojan sama yake kuma a nan jirgi na biyu yake, Bockscar, mai lamba 77. Shi ba a ɗaga shi sama ba, yana tsaye a kan tayoyinsa cikin ɗan duhu-duhu, a gefensa an ajiye kwaikwayon bam ɗin Nagasaki, wani ƙaton abu mai tumbi an shafa masa fenti ruwan ɗorawa. Mutane ba su cika sanin labarin wannan tafiyar ba alhali ita ce ta fi tayar min da hankali, don tun daga farko komai ya karkace. Matuƙin, Manjo Charles Sweeney, shekararsa 25. Kafin su tashi ranar 9 ga Agusta aka gano famfon wani tankin mai ya lalace, galan fiye da 600 suna ɗauke da shi amma ba za su iya amfani da shi ba, aka ce a tafi a haka. Suka ɓata kusan minti 45 suna shawagi a kan tsibirin Yakushima suna jiran jirgin masu ɗaukar hoto da bai zo ba. Garin da aka aike su kuma ba Nagasaki ba ne, Kokura ne. Sau uku suna bi ta kansa da ƙofar bam a buɗe, hayaƙi da gajimare sun rufe shi, an kuma ba su umarni kar su saki sai sun gani da ido, ga mai yana ƙarewa ga harbi ya fara tasowa daga ƙasa, sai suka juya zuwa gari na biyu a jerin.

Nagasaki ma a rufe take. A daƙiƙar ƙarshe mai sakin bam, Kermit Beahan, wanda a ranar ya cika shekara 27 da haihuwa, ya ce ya ga 'yar kafa a cikin gajimare, ya saki, ƙarfe 11:02 ya fashe a kan kwarin Urakami, nesa da inda aka auna tun farko. Unguwar Kiristocin garin ce, waɗanda kakanninsu suka ɓoye addininsu fiye da shekara 200 saboda tsangwama, babban cocinsu yana nan kusa, akwai mutane a ciki suna ibada, ba wanda ya fita. Sweeney kansa ɗan Katolika ne. Mutum kimanin 70,000 suka mutu zuwa ƙarshen shekara. Jirgin bai iya komawa Tinian ba, a Okinawa ya sauka da ƙyar injin na mutuwa don rashin mai. Na tsaya ina kallon zanen da suka yi a hancin jirgin bayan sun dawo, taragon jirgin ƙasa mai fukafukai da hayaƙin bam a gefe, ina tunanin mutanen Kokura da suka ji ƙarar jirgi a sama sau uku suka ci gaba da harkokinsu, da mutanen Urakami da ajalinsu ya zo ta wata 'yar kafar gajimare.

Ba wai na manta abin da sojan Japan suka yi ba ne, kisan kiyashin da suka yi a Nanjing ta ƙasar Sin a 1937 da yadda suka kashe dubban mutane wajen aikin tilas na shimfiɗa layin dogo tsakanin Tailan da Bama, Baba Soja ma ya ga nasa rabon. Amma yaran da ke kwasar baraguzai a Hiroshima ba su suka yi ba, haka dubban 'yan Koriya da suka mutu a garuruwan biyu, waɗanda da yawansu kwaso su aka yi daga ƙasarsu da aka mallake, kamar dai yadda aka kwashi kakana. Kuma ko a cikin manyan Amurka akwai irin su Eisenhower da Admiral Leahy da suka faɗa daga baya cewa a ganinsu ba a buƙaci bam ɗin ba, ga Rasha ma ta shiga yaƙin da Japan a daidai wannan makon. Bama kuwa tun watan Mayu aka ƙwace Rangun, babban birninta a lokacin, daga hannun Japan, yaƙin can ya riga ya kusa ƙarewa. Ni dai na kasa yarda cewa sai da aka ƙone waɗancan yaran sannan kakana zai ga Zariya, shi da bai ma samu jirgin ruwan dawowa ba sai 1946.

Da muka fito muka yi azahar a bayan mota a filin fakin, rana ta buɗe sosai. Abokina ya karɓi tuƙi, ni kuma na kira Inna ta WhatsApp, can gida an yi isha'i. Bayan mun gaisa ta tambayi biki da amarya, sai na ce Inna, na ga jirgin da Baba yake ba mu labari. Ta ce wanne, na ce na bam ɗin da ya ce ya dawo da su gida. Ta ɗan yi shiru sannan ta ce ikon Allah, ashe yana nan. Ta ce lambarsa ta yaƙi mai kamar tauraro tana nan cikin adakarta a ƙulle cikin tsumma, in na zo in tuna mata ta nuna min. Sai ta tambaye ni ko jirgin babba ne, na ce babba ne Inna, ta ce to ku tuƙa a hankali, ku gaida min Kawunku in kun biya ta can.